Yadda Za a Zaɓi Lasifikar Ɗakin Ɗaukar Waƙa

A zamanin nan ba sai mutum ya mallaki babban gida da tarin na'urori kafin ya ɗauki waƙa ba. Da kwamfuta guda, da makirufo, da ɗan ɗaki mai shiru, ƙungiyar mawaƙa ta kwaleji tana iya ɗaukar waƙoƙinta, malamin firamare kuma yana iya shirya waƙar koya wa yara haruffa ko lissafi. Amma akwai wani abu da yake ɓata wa masu wannan aiki rai. Sai mutum ya kwana uku yana gyaran waƙa, ta yi masa daɗi ƙwarai a ɗakinsa, ran da aka sa ta a babban zaure ko a rediyon mota sai ka ji ganga ta danne murya, ko kuwa waƙar ta fito siririya ba nauyi. Galibi laifin yana wurin lasifikar da ya yi aikin da ita, da ɗakin da ya ajiye ta. Don haka na ga ya kamata in rubuta wannan darasi, domin wanda zai kashe kuɗinsa, ko kuɗin da ƙungiya ta tara da guminta, ya san abin da zai nema.

1. Bambancinta da lasifikar shaƙatawa

Lasifika iri biyu ce. Akwai ta shaƙatawa, wadda ake sawa a falo ko wurin biki. Masu ƙera ta sukan ƙara mata kaurin amo da ɗan ƙyalli a sama, don kowace waƙa ta yi wa kunne daɗi. Akwai kuma ta aiki, wadda masu sana'a ke ce wa monita. Aikinta shi ne ta faɗa maka abin da ke cikin waƙarka daidai wa daida, ba ƙari ba ragi.

Ku ɗauki misalin mudu a kasuwa. In an bubbuga gindin mudu ya shige ciki, mai saye zai ga hatsi ya cika har ya yi tozo, sai ya isa gida ya tarar bai kai ba. Lasifikar da ke ƙara kauri haka take. Za ka ji kamar kaurin waƙarka ya isa, ka rage shi, a wani wuri kuwa a ji babu. Wadda ke ɓoye kauri kuma za ta sa ka yi ta ƙarawa har ya yi yawa. Mai haɗa waƙa yana bukatar mudun gaskiya, ko da abin da zai nuna masa ba zai faranta masa rai ba.

2. Mene ne amo?

Kafin mu ci gaba sai mu fahimci abin da ake aunawa. Amo girgizar iska ce. In makaɗi ya bugi ganga, fatar tana kaɗawa gaba da baya, tana tura iska, iskar kuma ta zo ta kaɗa fatar kunnenmu. Yawan kaɗawa a cikin daƙiƙa guda shi ake ƙirgawa da Hz, watau an ɗauko daga sunan Heinrich Hertz, wani masani Bajamushe wanda ya rasu a 1894. In kaɗawar kaɗan ce sai amo ya yi kauri, kamar na tambari. In ta yi yawa sai ya yi siriri, kamar na sarewa. Kunnen yaro mai lafiya yana ji tun daga Hz 20 har zuwa Hz 20,000, amma na saman yana raguwa da shekaru. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa. Maganar mutum kuwa, yawancin abin da ke sa a gane ta yana tsakanin Hz 300 da Hz 3,400, shi ya sa aka daɗe ana yin tarho a kan wannan iyaka.

Ƙarfin amo kuma ana auna shi da desibel. Ku riƙe abu biyu a kansa. In an ninka ƙarfin wutar da ke shiga lasifika, desibel 3 kaɗai ake ƙaruwa da shi. In kuwa amo ya ragu da desibel 10, kunne yakan ji kamar ya koma rabi.

3. Abin da ke cikin akwatin

Irin lasifikar da duniya ke amfani da ita ta samo asali daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, waɗanda suka bayyana shi a 1925. Ana naɗa siririyar waya a sa ta a tsakiyar maganaɗisu, a manna ta da wata takarda mai siffar mazurari. In wutar waƙa ta bi ta cikin wayar, sai ta yi ta motsi gaba da baya, takardar ta tura iska.

Mazurari guda ba ya iya fitar da dukan amo da kyau, gama babba ya yi nauyi ga siririn amo, ƙarami kuma ba ya iya tura iskar da kauri ke bukata. Saboda haka yawancin monita baki biyu gare ta: babban baki na kauri da tsakiya, da ƙaramin baki na siririn amo, wanda faɗinsa bai fi inci guda ba. A ciki akwai wata na'ura mai raba wa kowane baki rabonsa. In ka ji an ce lasifika mai inci 5 ko mai inci 8, faɗin babban bakin ake nufi.

Waɗansu akwatuna a rufe suke ruf. Waɗansu kuma suna da rami a gaba ko a baya, wanda ke taimakon kauri ya sauka ƙasa. Mai rami ta fi ba da kauri bisa ga girmanta, rufaffiya kuwa amonta ya fi saurin tsayawa in an bugi ganga. In ramin a baya yake, kada a manna ta da bango har ramin ya toshe.

Har wa yau akwai wadda ke da amfilifaya a cikinta, sai dai a sa mata wuta kawai, da wadda sai an saya mata amfilifaya dabam. Ga mai farawa, ina ba da shawarar ta farkon, domin masu ƙera ta sun riga sun daidaita amfilifayar da bakunan. Kamfanin Genelec, wanda aka kafa a garin Iisalmi na ƙasar Finlan a 1978, yana cikin waɗanda suka yi suna da wannan iri.

4. Abin da tarihi ya koya mana

A 1944 kamfanin Altec na Amurka ya fitar da wata babbar lasifika mai lamba 604, mai inci 15, ta kuwa yi shekaru tana mulki a ɗakunan ɗaukar waƙa na can. Irin waɗannan manya a nesa ake kafa su, cikin ɗakin da aka gina musamman dominsu. Daga baya aka ga amfanin ƙanana da ake ajiyewa kusa da kunne. Injiniyoyin BBC a Ingila sun tsara wata 'yar ƙarama mai suna LS3/5A don motocinsu na ɗaukar shiri a waje, inda babu wuri, a 1975 kuma aka fara ba kamfanoni iznin ƙera ta.

Labarin da ya fi koyarwa shi ne na Yamaha NS-10, mai farin mazurari. A 1978 aka fitar da ita a Japan don shaƙatawa a gida, ba ta kuwa karɓu sosai a nan ba, gama amonta yana da kaifi, kaurinta kuma kaɗan ne. Amma masu haɗa waƙa suka lura ba ta rufa wa kowa asiri: in murya ta yi ƙasa ko kayan kiɗa sun cakuɗe, nan da nan za ta tona. Suka ga in waƙa ta yi kyau a kanta, takan yi kyau a wasu wurare. Har waɗansu, irin su Bob Clearmountain, sukan rufe ƙaramin bakinta da 'yar takarda mai laushi don su rage kaifin. An daina ƙera ta a 2001, amma sunanta bai mutu ba. Darasin a nan shi ne, lasifikar da ta fi daɗin ji ba lalle ba ne ta fi amfani wurin aiki.

5. Fara da auna ɗakinka

Abin da kunnenka ke ji rabi daga lasifika yake, rabi kuma daga bango da rufi da daɓe. Amo yana tafiya wajen ƙafa 1,125 a daƙiƙa, watau mita 343. In ya bugi bango ya dawo, sai ya gamu da wanda ke zuwa. A wani wuri su haɗu su yi ƙarfi, a wani wuri su kashe juna. Kowane ɗaki yana da amon da yake kumburawa, ga kuma yadda ake lissafinsa: a ninka tsawon ɗakin sau biyu, a raba 1,125 da abin da aka samu. Ɗaki mai tsawon ƙafa 12, ninkinsa 24, sai ya ba da wajen Hz 47. Mai ƙafa 10 zai ba da wajen Hz 56. A wannan amo, in ka tsaya jikin bango za ka ji ya yi ƙugi, in ka koma tsakiyar ɗaki daidai sai ya kusa ɓacewa. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne ya fi kowane wahala, domin kumburin ɓangarorin biyu a wuri guda yake faɗawa.

Daga nan za mu gane girman lasifikar da ta dace. A ɗan ɗaki irin namu na kwana, mai ƙafa 10 ko 12, mai inci 5 ta isa, ko mai inci 6 da rabi. Mai inci 8 sai ɗaki mai fili, in ba haka ba kaurinta zai cika ɗakin har ka kasa rarrabe bugun ganga da na bes. Wanda aikinsa muryoyi ne, kamar ƙungiyar mawaƙa ko karatun darasi, ba ya bukatar kauri mai zurfi. Wanda ke kiɗan zamani mai nauyin bes zai fi bukatarsa, amma ko shi gara ya duba kaurin da abin sawa a kunne mai kyau, da ya cusa babbar lasifika a ƙaramin ɗaki.

6. Karanta takardar da ke jikinta

Mai sayarwa zai fara gaya maka yawan wat. Kada wannan ya ruɗe ka. Mun riga mun ga ninka wuta desibel 3 kaɗai yake ƙarawa, wat kuma ba ya faɗin ko amon na gaskiya ne.

Abin dubawa shi ne iyakar amon da take fitarwa, da lambar desibel da ke biye da ita. Ga misali daga takardar Yamaha HS5, mai inci 5. An rubuta tana sauka har Hz 54, amma a inda amon ya riga ya ragu da desibel 10. A inda ya ragu da desibel 3 kaɗai, iyakarta Hz 74 ce. Babbarta, HS8, tana kai Hz 38 a awon farko, Hz 47 a na biyu. Kun ga lasifika guda tana da lamba biyu, duka kuwa gaskiya ne. In za ka gwada ta wani kamfani da ta wani, ka tabbata awo iri ɗaya kake kwatantawa. Takardar da ba ta faɗi desibel ɗin ba sam, ba ta gaya maka kome ba.

Ka duba bayanta kuma. Masu kyau suna da 'yan maɓallai na rage kauri in an ajiye su kusa da bango, gama bango yana iya ƙara wa kauri har desibel 6, kusurwa kuma ta fi haka. Ka duba ko tana da ramin waya mai ƙafa uku, wanda ake kira XLR, ko makamancinsa. Irin wannan waya tana kashe ƙugin da wutar gida ke sawa.

7. Gwaji a kanti

An ce gani ya kori ji, amma a wannan kasuwa ji ne ke korar gani. Launin mazurari da ƙyallin akwati ba su ƙara kome. Ka tafi da waƙoƙi uku ko huɗu da ka sani kamar tafin hannunka: ɗaya ta murya zalla, ɗaya mai kalangu ko ganga, ɗaya mai tarin kayan kiɗa. Ka haɗa da maganar wani wanda ka san muryarsa, domin kunne ya fi saurin gane ƙarya a muryar mutum.

Abu mafi muhimmanci, ka sa a daidaita ƙarfin lasifikun da kake gwadawa. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na Amurka suka nuna cewa kunne ba ya jin kauri da siririn amo sosai in an rage ƙara, sai an ƙara suke fitowa. Saboda haka wadda aka ɗan fi buɗe wa ƙara kullum za ta zama kamar ta fi kyau, ko da ba ta fi ba.

Sa'an nan ka tambayi kanka: Ina jin kowace kalma? Ina iya nuna inda kowane makaɗi yake tsaye, hagu ko dama ko tsakiya? Bugun ganga yana tsayawa nan take ko yana jan ƙugi? In na rage ƙara ƙwarai, waƙar tana nan a rarrabe? Ka tsai da waƙar ka kai kunne kusa da ƙaramin baki, ka ji ko tana huci da yawa, gama za ka yi awoyi kusa da ita. Ka kuma tambaya ko kuɗin da aka faɗa na guda ne ko na biyu, don galibi ɗai ɗai ake sayar da su.

In tsohuwa za ka saya, ka duba gefen mazurari ko ya tsage, ka sa waƙa mai kauri ka ji ko wani abu yana karkarwa, ka tabbata biyun amonsu ɗaya. Ka karanta abin da aka rubuta wurin shigar wuta. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Lasifikar da aka yi don wutar Amurka kaɗai, in ka sa ta a bangonmu kai tsaye za ta ƙone. Tun da yake wutarmu tana hawa da sauka, musamman ta janareta, ka ware kuɗin na'urar daidaita wuta tun farko. Rigakafi ya fi magani.

8. Yadda za a kafa ta

Lasifika mai araha da aka kafa daidai ta fi mai tsada da aka ajiye ko'ina. Ka yi alwatika mai ɓangarori uku daidai: tazarar da ke tsakanin lasifikun biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa kanka, kamar ƙafa 3 zuwa 5. Ka juyo da su su dube ka, ƙaramin baki kuma ya zama daidai da tsayin kunnenka. Nisan ta hagu da bangon hagu ya zama ɗaya da nisan ta dama da bangon dama. Ka fuskanci gajeren bango, kujerarka ta zama wajen sulusin tsawon ɗakin da ɗan ɗori, kada ta zama a tsakiya. In a kan tebur za ka ɗora su, ka sa soso mai tauri a ƙarƙashi don kada teburin ya riƙa amsa musu.

Ga wata dabara ta gano inda amo ke bugun bango. Ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango lasifika a cikin madubin, nan ne za ka rataya abu mai kauri mai laushi, kamar katifa ko bargo ninki ninki. Kantar littattafai a bayanka ma tana taimako. Kwalin ƙwai da waɗansu ke mannawa a bango ba ya taɓa kauri ko kaɗan, ba ya kuma hana ƙara fita, ga shi yana saurin kama wuta.

Wurin kunnawa, lasifika ce ta ƙarshe. Wurin kashewa kuwa ita ce ta fari. Wannan yana kare ta daga bugun da sauran na'urori ke yi sa'ad da wuta ta shige su.

9. Kunne ba shi da kanti

Lasifika in ta lalace a sayi wata, amma ƙananan gasun da ke cikin kunnen mutum in ƙara ta kashe su ba su sake tsirowa. Masanan lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a yini, kowane ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Ka yi aiki a ƙarar da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba. Ka huta bayan kowace awa. In ka tashi kana jin kunnenka yana ƙara shi kaɗai, ka wuce gona da iri. Mu da za mu shekara muna sauraron karatun yara a aji, ba mu da dukiyar da ta fi wannan.

A ƙarshe, ko wace iri ka saya, ka ba ta makonni kana jin waƙoƙin gwanaye a kanta har ka san halinta. In ka gama haɗa taka, ka ji ta a wayar hannu, da ƙaramin rediyo, da cikin mota, domin a nan jama'a za su ji ta, wayar hannu kuwa ba ta fitar da kauri mai zurfi. In kalmomin sun fito sarai a duk waɗannan, aikinka ya yi.

Aiki don aji

Ka kwantar da lasifika bakinta sama, ka shimfiɗa takarda a kai, ka zuba 'yan ƙwayoyin gero, ka sa waƙa mai ganga. Yara za su ga geron yana tsalle, su gane da idonsu cewa amo motsi ne.

Tambayoyi

1. Don me ba a so monita ta ƙara wa waƙa daɗi?
2. Ɗaki yana da tsawon ƙafa 15. Wane amo ne zai kumbura a cikinsa?
3. In ƙara ta kai desibel 94, awa nawa ya kamata mutum ya yi a cikinta?
4. Me ya sa ake daidaita ƙarfin lasifiku biyu kafin a gwada su?

Allah ya ba mu kunnen ji da hannun aiki. Amin.